Kifin da Aka Ce Ya Hana Ni Tashi

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu ranar Sallah a falon nan, da zarar na shiga ciki yin alwala. Kunnuwana ba su mutu ba tukuna. Kuna cewa Hajiya ta ƙi barin gidan hanyar Miri saboda kifi, kuna dariya, har jikokina sun ɗauka suna ba abokansu labari a makaranta. Ban ce ƙarya kuke yi ba, amma ba haka abin ya tafi daidai ba. Tunda Allah Ya ara mini rai har na kawo wannan wuri a rubutun nan, bari in faɗa muku yadda na gani da idona, ko da yake ni kaina har yau akwai inda ban gane ba.

Babanku ya yi aikinsa duka a tashar jiragen ruwa ta Legas. Da ya ajiye aiki muka dawo Bauchi, kowa ya zaci gona zai kama a Zungur kamar tsararrakinsa, ko ya buɗe rumfar hatsi a kasuwar Muda Lawal. Sai ga mota ta sauke mana akwatin gilashi, tsawonsa ya kai gadon mutum ɗaya, an nannaɗe shi da katifu. Ya sa aka jingina shi da bangon falo, daidai inda na ci burin jera tangarana. Ya shimfiɗa farin yashi a ciki, ya jera wasu duwatsu masu ramuka da ya ce murjani ne mai rai. Ni dai murjanin da na sani shi ne na wuyan Innata, kuma ban taɓa ganin ya motsa ba. Ruwan ma ba na rijiya ba ne, ba na famfo ba, sai an tace shi an dama masa wani gishiri da ake aikowa daga Legas cikin bokiti. Na taɓa ce masa ga gishiri nan buhu-buhu a kasuwa, har da manda in yana so. Ya yi mini wani kallo kamar na ce a yi wa jariri wanka da ruwan barkono, daga nan ban sake ba shi shawara ba.

Kifi iri ɗaya yake tarawa a ciki. Turawa na da sunan da suke kiransu, ya faɗa mini ban san iyaka ba, bai taɓa zama a kaina ba. Ƙanana ne, babbansu bai wuce tafin hannu ba, masu ɗan tsinin baki, launinsu kuwa sai ka rantse daga rumfar masu atamfa aka kwaso su. Duk tafiyar da ya yi Legas sai ya dawo da ɗaya ko biyu a leda cikin 'yar kular ruwa, ya rungume ta a cinya tun daga tasha. Akwai wani siriri mai baƙin zane da ke bin sauran yana tsince musu baki, shi na sa wa Wanzami. Akwai wani ruwan ɗorawa, matsoraci. Akwai wasu jajaye guda uku marasa ado, waɗanda ya ce mata ne. Sai kuma namijinsu, abin alfaharinsa, kore da shuɗi da zane-zanen ruwan hoda a fuska, wutsiya a baje. Shi muke kira Mai Riga. Abu biyu na riƙe game da su, don ya yi ta nanatawa: da magariba suna nutsewa cikin yashi su yi barci, kuma suna tsalle, saboda haka ba a ɗaga ragar da ke saman akwatin. Ya sa musu sola da batura. In aka ɗauke wuta, injinsu na ta gurnani, mu muna fama da mafici. Na yi mita har na gaji, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban so kifayen nan ba ko kaɗan.

Da bazara babanku ya rasu, ciwon bai ja ba. Kun san wannan, kuna nan. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne, a kwanakin makoki an mayar da mata falo saboda zafi, gidan ya cika har ba masaka tsinke. Kowa ya shigo sai ya gaishe ni, ya yi addu'a, sannan ido ya koma kan gilashi. Wasu suka ɗaga ragar don su gani da kyau, wata ma ta gutsura musu 'yar masa. Ni ina zaune a kusurwa cikin farin mayafi, ina gani, ban hana kowa ba. Da mutane suka ragu na matsa na duba. Wanzami na nan, Ɗorawa na nan, jajaye uku na nan. Mai Riga babu. Aka duba ƙasa, aka duba bayan kujeru, ba a ga ko ɓawonsa ba. Har yau ban san inda ya shiga ba. Ko tsalle ya yi kyanwa ta ɗauke, ko a cikin duwatsun ya mutu, Allah ne masani. A lokacin dai abin da ya zo mini shi ne maganar yashi, na ce hayaniya ce ta tsorata shi ya nutse.

Bayan sadakar bakwai, Gwaggonku Asabe, yayar babanku, ta kira babbanku suka same ni a falo. Shi a Kaduna yake aiki a lokacin, kuma kun san ɗan fari ne, ba na kallon idonsa balle in yi jayayya da shi. Gwaggo ce ta yi maganar.

"Rabi, mun zauna mun duba. Mace ba ta zama ita kaɗai a bakin gari, yara duk sun watse. Ga ɗanki ya ce zai gina miki ɗaki a gidansa. Ki tattara ki bi shi, gidan nan a sa 'yan haya."

Na ce, "To, Adda."

Haka na ce, ku rubuta ku ajiye. Tun ina yarinya ban taɓa zama inda ba wani ne ya ce in zauna ba. Gidan Baffa, gidan babanku a Legas, gidan babanku a nan. Ban ma san ana tambayar mutum ba. Sai shi babbanku ya ce, yana kallon tabarma, akwai wani mai otal a Jos da zai karɓi kifayen, za a zo a kwashe ruwan a juye yashin. Da na ji kalmar juye yashi sai wani abu ya taso mini.

Na ce, "Akwai guda a cikin yashin. A bari ya fito."

Gwaggo ta ce, "Wane ne a cikin yashi?"

"Koren. Wanda Alhaji ya fi so. In aka juye yanzu za a murƙushe shi."

Suka kalli juna. Babbanku mutum ne mai taushin zuciya, ya ce ba komai, dama takaba ai a ɗakin miji ake yi, ginin ma zai ɗauki lokaci. Ranar da koren ya fito sai a kira mai otal, ni kuma in shirya. Gwaggo ta taɓe baki ta ce Allah Ya fito da shi lafiya. A haka aka tashi, kuma ni da bakina na kafa wannan sharaɗi.

Daga nan aka bar ni da halittun da ban san kansu ba. Babanku bai koya mini komai ba, ni ma ban nemi koyo ba. Abin da na sani duk daga bakin ƙofa na gani, lokacin da nake tsaye ina yi masa mita. Na tuna in ruwan ya ragu yana ƙara wanda babu gishiri, ban san dalili ba, na yi hakan. Na tuna akwai wani kofi a jikin injin da yake wankewa, mai wari kamar kwata, na wanke. Abincinsu kuwa, wani lokaci in ga kamar na ba su da yawa, wani lokaci in ga kamar yunwa za ta kashe su, in tsaya da cokali a hannu ban san abin yi ba. Ga zafin Bauchi, ruwan ya yi ɗumi, suka riƙa hawowa sama suna buɗe baki. Nan Allah Ya kawo mini Madam Ngozi, maƙwabciyarmu mai sayar da kifin ƙanƙara a bakin Muda Lawal. Ashe ƙanenta ne ke haɗa babanku da masu sayar da kifayen a Legas. Tunda mace ce tana shigowa har inda nake. Ta zo da ƙanƙara a buhu, ta ga zan zuba ta kai tsaye, ta riƙe mini hannu.

"A'a, Hajiya, ka sa shi cikin leda, ka ɗaure. In ka zuba haka, Alhaji zai yi fushi a can inda yake."

Na yi dariya, ita ce dariyata ta farko tun rasuwar. Ku duba fa, mai sayar da mataccen kifi ce ke taya ni raya masu rai. Kullum da hantsi sai ta aiko da ƙanƙara, da yamma ta leƙo mu zauna gaban gilashin. Ni kuwa kowace safiya, ina idar da lazimi, sai in ja kujera in zuba wa yashin ido. Sauran su ɓullo ɗaya bayan ɗaya, kai ya fara fitowa, sannan jiki. Mai Riga shiru. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne zuciyata. In na ga yashi ya motsa sai gabana ya faɗi, kuma ban san ko murna nake yi ko tsoro ba. Ina roƙon Allah Ya fito da shi, can ƙasan raina kuma wani abu na cewa kada ya yi sauri. Na ji kunyar wannan tunani, ban gaya wa kowa ba.

Wajen faɗuwar damina na lura da babbar cikin jajayen nan. Akwai wani ɗan tabo a gefen wutsiyarta, da shi nake gane ta. Na ga kamar gefen fuskarta ya yi kore-kore. Na ce ciwo ne, na kashe ta da gishiri ko da rashinsa. Na rage abinci, na ƙara ƙanƙara. Amma ba ta yi kama da mara lafiya ba, sai ma ƙarfi da ta ƙara, tana korar sauran biyun daga bakin duwatsu. Koren ya yi ta yaɗuwa, shuɗi ya biyo baya, zane-zanen ruwan hoda suka fito mata a fuska, wutsiya ta fara bajewa. Na wanke gilashin, na wanke tabarau ɗina. Na ce ko kuka ne ya ɓata mini ido. Na ce ko kaina ne ya fara taɓuwa, don na sha jin matan da takaba ta juya wa hankali. Na daina zama kusa da akwatin ni kaɗai sai na yi a'uziyya. Wata rana na kasa daurewa na nuna wa Madam Ngozi, na ce ta gaya mini gaskiya, me take gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira ƙanenta a waya, suka yi ta yarensu. Da ta kashe wayar ita ma fuskarta a ruɗe take.

"Ya ce haka suke yi. In babban namiji ya tafi, babban mace zai canja, ya zama namiji."

Na ce, "Ya canja riga dai."

"A'a, duka. Ya ce duka."

"Ngozi, ke kin yarda?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita shekara da shekaru tana yanka kifi, ba wanda ya taɓa gaya mata komai. Muka zauna muna kallon abin ikon Allah. Na so a ce babanku na nan in tambaye shi ko ya sani, in kuma ya sani me ya hana shi faɗa mini, ya tsaya yana ta maganar raga. Na yi fushi da shi a ranar, fushi na gaske, sannan na yi kuka.

Ranar da na fita takaba aka yi 'yar walima, ku duka kun zo. Bayan azahar Gwaggo ta shigo falo, rabonta da gidan an daɗe saboda ciwon ƙafa. Tana ɗaga kai ta hango kifin yana ta shawagi, kore shar, wutsiya a baje.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ya fito. Rabi, shi ne ba ki faɗa ba?"

Aka kira babbanku. Ya durƙusa gaban gilashin yana murmushi, na ga idonsa ya kawo ruwa, don ya tuna babansa. Ya ce ɗakin ya kammalu, har an yi fenti, an sa labule irin wanda nake so. Ya ciro waya zai kira mai otal. Ni ina zaune ina kallonsa. Da na yi shiru shi ke nan, sharaɗi ya cika a idon kowa, ba wanda zai ce na yi ƙarya. Amma ga ɗan tabon nan a gefen wutsiya, ina ganinsa daga inda nake.

Na ce, "Ba shi ba ne."

Gwaggo ta ce, "To wane ne? Ƙanensa?"

"Ɗaya daga cikin jajayen ce. Ku ƙirga, saura biyu. Ita ce ta rikiɗa ta zama namiji."

Wata a cikinku ta yi dariya ta toshe baki, na san ko wace ce, na yafe mata. Gwaggo ta yi salati ta tafa hannu, ta ce dama ta faɗa, barin mace ita kaɗai da abin ruwa ba alheri ba ne, a nemo malami ya yi mini ruƙiyya kafin abin ya yi nisa. Na ce a tambayi Madam Ngozi. Ta ce au, yanzu mai kifin ƙanƙara ce malamarmu. Na fara bayani, ina yi ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaciya, in faɗi tabo, in faɗi yashi, in koma kan waya. Babbanku ya bari sai da na gaji, sannan ya yi magana a hankali.

"Hajiya, mu ɗauka ba shi ba ne. Wancan in yana cikin yashi har yanzu, ai ba shi da rai. Ke ma kin sani. To me muke jira?"

Ba wanda ya taɓa yi mini tambaya mai wuyar amsa kamar wannan. Gaskiya ya faɗa, na daɗe da sanin Mai Riga ba zai fito ba. Na nemi amsa a kan kifi, na rasa. Na dubi falon, na dubi ƙofar da nake rufewa da kaina kullum, in buɗe lokacin da na ga dama. Na tuna a watannin nan ni na kira mai gyaran sola, ni na aika aka karɓo gishiri a tasha, ni ke cewa yau tuwo gobe dambu, ko kuma ba za a ɗora tukunya ba sam. Ban san sunan abin da nake ji ba, kuma ko na sani, ba maganar da uwa ke yi wa ɗan fari ba ce a gaban jama'a. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne:

"Ba zan tashi ba."

Ya ce, "Saboda kifi?"

Na yi shiru. Shirun nan shi ne ya zama labarin da kuke bayarwa yau.

Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya mayar da wayar aljihu, ya ce Allah Ya huci zuciyata, washegari da sassafe ya kama hanya. Bai yanke zumunci ba, kada wani ya ce na ce haka. Duk abin da ɗa ke yi wa uwa ya ci gaba da yi. Amma hirar da muke yi ta bakin ƙannensa, da zaman da yake yi a bakin ƙofar ɗakina yana ba ni labarin aiki ina yi kamar ba na ji, wannan ya ɗauke. 'Ya'yansa suka girma suna sanina a matsayin kakar da ake kai wa ziyara a ga kifi. Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane cewa aljanin ruwa ne ya aure ni, Allah Ya jiƙanta, ta yi ne don tana sona.

Kifayen sun yi shekaru tare da ni. Ban ƙara ko ɗaya ba, ban kuma taɓa gane su yadda babanku ya gane su ba. Suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, mai tabon ce ta ƙarshe, kuma har ta mutu ban yanke shawarar ko ita zan ce ko shi ba. Da akwatin ya zama wayam na sa aka kashe injin. Na zauna ina jiran wani a cikinku ya ce, to Hajiya, yanzu fa? Na ma shirya amsa, wadda na kasa bayarwa a wancan karon. Ba wanda ya tambaya, kun riga kun gama yanke hukunci tun tuni.

Bara da aka yi mini aikin ido a Kaduna, dole na sauka a gidan babbanku. Matarsa ta kama hannuna ta kai ni wani ɗaki a gefen falo, ta buɗe. Ko da ido ɗaya na ga labulen ya koɗe, amma gadon a gyare yake, ba ƙura ko kaɗan. Ta ce tun da aka gina shi bai yarda ko baƙo ya kwana a ciki ba, kuma duk ranar Juma'a sai ya sa an share. Na zauna a bakin gadon, na rasa inda zan sa kaina. Na so in kira shi in ce masa ba kifi na zaɓa a kansa ba, ba kuma gidansa na ƙi ba, wuri ne kawai na samu a karon farko da ba wanda ya ajiye ni a ciki. Ya shigo ya durƙusa ya tambayi jiki, na ce da sauƙi, ya ce ko akwai abin da nake buƙata, na ce babu. Da likita ya sallame ni na ce a kai ni tasha, shi da kansa ya ɗauki jakata ya sa a mota, bai ce in ƙara kwana ba.

Shi ya sa na rubuta. Duk wanda ya fara karanta wannan a cikinku, ya kai masa.